Fiffiken Motar Kalilu

A unguwar su Kalilu a Sabon Birni, in ka ji ana cewa "ku kama mata", ba wata tsohuwa ce kaya ya rinjaya ba, Kalilu ne zai fita da motarsa. Ƙaramar mota ce ja, wadda ta ga duniya tun kafin ta faɗo hannunsa. Injinta lafiya lau, tayoyinta ba laifi, amma kik ɗinta, abin tada inji, ya mutu tun wata damina da ba mai iya tunawa, saboda haka ba ta tashi sai da turi. Duk wani namiji mai ƙarfi a unguwar ya san ɗumin bayanta a tafin hannunsa. Shi kuwa Kalilu bai taɓa yarda cewa wannan lalura ce ba. A faɗarsa motar jinin sarauta gare ta, ba ta fita sai da rakiya.

Baki dai Allah ya ba shi. Ya sha ba da labari a majalisa yadda ya taso daga Isa da shayi mai zafi, ya iso Sabon Birni bai huce ba. Abin da ba ya faɗa shi ne shayin a cikin fulas yake.

Abin da za a ba ku labari ya faru ne a shekarun da hanyar Isa take da lafiya, mutum ya bi ta duk lokacin da ya ga dama, Allah ya maido mana da irinsu. An sa bikin Nuriyya, ƙanwar Larai matar Kalilu, kuma a Isa za a kai ta. Mai riƙe da ragamar bikin ita ce Gwaggo Basira, ƙanwar mahaifinsu, mace mai magana ɗaya. Ita ta yanke cewa motar Faruk ce za ta ɗauki amarya. Faruk ɗan kawun su Larai ne, yana fatauci tsakanin nan da Maraɗi, yana da wata farar mota mai sanyi a ciki.

Da labarin ya iso kunnen Kalilu, abin ya yi masa ciwo, ciwo na gaske. Shi ke kai tsofaffin gidan surukansa asibiti. Shi ke kwaso musu buhunan gero daga gona har motar ta riƙa nishi. Amma ranar da za a yi ado a fita kunya, sai aka tsallake shi kamar ba a san da shi ba. Ranar ko tuwo bai taɓa ba, kuma a karon farko tun da Larai ta san shi, ya zauna bai ce komai ba. Shirun nan ne ya ba ta tausayi. Ta ɗauki mayafi ta tafi wurin Gwaggo, ba ta dawo ba sai da ta samo masa.

"Baban Nura," in ji ta, "Gwaggo ta yarda, kai za ka ɗauki amarya. Amma da sharaɗi guda. Ta ce ka gyara kik, ba ta son a ga ana turin amarya bainar jama'a. Ni nit tsaya maka, don Allah kada ka ba ni kunya."

Nan take Kalilu ya jawo kwanon tuwo. "Kik? Wanga ai ƙaramin aiki na. Ki kwantar da hankalinki. In niƙ ƙare da motag ga, Faruk da kainai za shi roƙi a rage mai hanya."

Washegari aka tura masa motar ya tafi gareji. Da niyya mai kyau ya fita, wannan kam sai a shaide shi. Sai dai ya tarar mai gyaran wuta ya fita, saboda haka ya zauna jiransa a rumfar Kamalu mai walda da ke gefe. Kamalu yana kallon tseren motoci a wayarsa, Kalilu ya leƙa ta kafaɗarsa. Da mai gyaran wutar nan ya dawo da wuri, da ba a samu labarin bayarwa ba.

"Tsaya, mai da baya," in ji Kalilu. "Mi na wanga bisa bayan motar?"

"Hihhike na. Motocin tsere aka sa ma shi."

Kalilu ya ƙura wa fiffiken ido. "Tashi suka yi da shi?"

"A'a. Iska shika kamawa shi danne mota ƙasa, kada gudu shi ɗauke ta."

"Na sani, gwada ka nika yi," in ji Kalilu. Sai ya buga cinya. "Ka ga abin da ka damun motata ke nan. Gudu ya yi mata yawa. In ina tahiya ina jin bayanta na son tashi."

Kamalu ya dubi motar, wadda aka sa wa dutse a ƙarƙashin taya. Ya shiga ciki ya fito da wani siririn fiffike na roba da wani ɗan kasuwa ya bar masa, irin wanda ake liƙawa da gam. Kalilu ya juya shi a hannu ya mayar masa.

"Wanga ko ga keke anka sa shi ba a ganinai. So nika in mun shiga Isa, mai gyangyaɗi shi tashi tsaye."

Idonsa ya faɗa kan wani tsohon ƙyauren shago na ƙarfe da aka jingine a bango. Ya je ya ware hannuwansa a jikinsa, ya ce a yanko masa daidai nan, a yi masa ƙafafu biyu.

"Ya hi motar hwaɗi," in ji Kamalu.

"Ka taɓa ganin tsuntsun da jikinai yaf hi hihhikenai hwaɗi?"

"To kik ɗin hwa?"

"Mota mai hihhike, wa ka tambayar ta kik?"

Aka yanka, aka lanƙwasa, aka yi walda. Da aka zo huda murfin but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, inda za a ɗaura notuna, Kalilu ya ce ba mai taɓa jikin motarsa da injin huji sai shi. Ya karɓa, ya danna da dukan ƙarfinsa. Injin ya huda murfin, ya zarce, sai aka ji wani dogon tsaki daga ciki. Tayar safiya da ke ajiye a cikin but ce ta yi sallama da iskarta. Kalilu ya ce daman ta tsufa. Huji na biyu ya karkace, na uku ya faɗa inda ba a so, na huɗu kuwa shi kansa bai san dalilin da ya yi shi ba. Kafin a samu ramukan da suka dace da ƙafafun fiffiken, murfin ya koma kamar rariya.

A ƙarshe dai aka ɗaura, aka shafe shi da fenti ruwan ɗorawa. Motar ta durƙusa ta baya, hancinta ya ɗaga sama. Kalilu ya zagaya ta yana murmushi, ya ɗaga murfin but don ya nuna wa 'yan kallo cewa komai na aiki, ya sunkuya ciki. Murfin bai saba da irin wannan nauyi ba, ya sauko masa a gadon baya. Sai da mutum biyu suka ɗaga kafin a zaro shi, yana fitowa kuwa ya ce, "Kun ji nauyi? Ba irin na roba ba na."

Da ya tashi tafiya, makanikai suka zo turi kamar yadda aka saba, suka nufi bayan motar. Wurin da hannu ke sauka kuwa nan fiffiken yake.

"Kada wanda yat taɓa," in ji Kalilu. "Hihhike ba wurin dahwawa ba na. In anka karkata shi, iska ta ɓata."

"To ta ina za mu tura?"

"Ta gaba. Ai tana da ribas."

Haka aka yi. Aka tura ta ta hanci, ta tashi da baya-baya, ta kusa shiga rumfar mai faci, don fiffiken ya rufe gilashin baya ba ya ganin komai.

Lungun gidansu tun asali da ƙyar motar ke wucewa. Kalilu ya manta cewa yanzu ta ƙara faɗi. Ya shiga da oda don unguwa ta fito ta gani, gefen fiffiken ya saƙalo zanan gidan maƙwabcinsa, ya tafi da shi gaba ɗaya. Sai ga maƙwabcin zaune a tsakar gidansa, ba riga, loma a hannu, yana kallon jama'a suna kallonsa.

"Kalilu," in ji shi a hankali, "in kag gama da katangata ka maido min, ina cikin cin abinci."

Larai ta fito ƙofar gida. Ta dubi motar, ta dubi zanan da ke reto a bayanta, ta dubi mijinta.

"Baban Nura, wanga shi na kik ɗin?"

"Wanga ya hi kik."

Ta koma ciki ta zauna a kan turmi, ta daɗe a wurin.

Mutanen unguwa ba su san tseren mota ba, amma sun san abu mai amfani in sun gan shi. Ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, mai tsafta, yana shan rana, awaki ba sa kaiwa. Kafin a kwana biyu matan lungun sun fara shanya tattasai a kansa. Masu shan shayi da safe suka mayar da shi teburi. Ranar kasuwa wani Bafulatani ya ɗaure tunkiyarsa a ƙafar fiffiken ya shiga cefane, da ya dawo Kalilu ya tare shi da faɗa, mutumin ya ce shi dai ya ga turke mai kyau, kuma yana so a faɗa masa wanda ya ƙera. Kalilu ya manta da faɗan, ya tsaya yana masa bayanin iska.

Tsakanin korar masu shanya da goge sawun kofuna, maganar kik ta bi ruwa. Kullum Larai ta tambaya sai ya ce gobe. Masu turi ma suka fara ɓuya in sun ji motsinsa, don turi ta gaba ba daɗi, ga zafin inji a fuska, ga shi ba wanda ya san abin da za a buge a baya. Goben nan ba ta zo ba har ranar kai amarya ta zo.

Amma Kalilu ba ya rasa dabara. Tun da hantsi ya lallashi mutane suka tura motar a bayan gari inda ba mai gani, ya kawo ta ƙofar gidan biki ya bar ta a kunne. In dai ba ta mutu ba, ba mai sanin ba ta da kik. Ya sa sabuwar shadda, ya tsaya a gefenta yana karɓar gaisuwa kamar shi ne angon.

Bayan azahar Gwaggo Basira ta fito duba motoci. Ta zo kan ta Kalilu ta tsaya cak.

"Mijin Larai, ka gyara kik ɗin?"

Kalilu ya rusuna. "Gwaggo, ba ku ji tana aiki ba?"

"Na ji. To wanga gadon da kaɗ ɗora mata hwa?"

"Hihhike na, Gwaggo."

"Hihhike. Tashi za ka yi da ɗiyata?"

"A'a, ba na tashi ba na. Danne mota shika yi ƙasa."

Gwaggo ta juya ta dubi matan da ke bayanta. "Kun ji. Hanyar Isa rairayi ta, kowa na roƙon Allah motatai ta yi sauƙi, shi ya tai an ƙera mai abin danne tashi." Ta ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, Kalilu ya runtse ido. Sai fuskarta ta saki. "Amma da ƙwari. Ku kawo katihwag ga da ba ta samu wuri ba, da turmi da taɓare. Ga inda za a ɗaure su."

"Gwaggo, ba a aza ma hihhike kaya. Iska..."

"To a kira min Faruk."

"A kawo katihwar," in ji Kalilu.

Aka naɗe katifa aka ɗora, aka kifa turmi a kai, aka soka taɓare a gefe, aka ɗaure da igiya. Kowane ƙulli da aka ja, Kalilu ya ji shi a haƙarƙarinsa. Sannan aka fito da Nuriyya a lulluɓe tana kuka irin na amare, aka sa ta a kujerar baya, Gwaggo a damanta, Larai a hagunta. Da Kalilu ya ga amarya ta zauna a cikin motarsa, shi ne a gaba, farar motar Faruk tana baya, wani daɗi ya cika masa ƙirji har ya manta da turmin.

Tafiya ta yi kyau da farko. Katifar tana kama iska, motar tana rangaji, sitiyari ya yi sakayau a hannu saboda duk nauyin ya koma baya. Kalilu ya ce wannan alama ce fiffike ya fara aiki. A kowane ƙauye suka ratsa mutane na fitowa suna nunawa, shi kuwa yana ɗaga musu hannu. Ya yi wa matan bayanin yadda iska ke hawa da yadda take sauka, har Gwaggo ta ce in ya gama wa'azin ya duba gabansa.

Dab da shiga Isa akwai wurin da ruwan damina ya cinye kwalbati, saboda haka motoci kan sauka su bi ta cikin busasshen rafi. Akwai sawun da kowa ke bi, inda ƙasa ta daddanne, a bi a hankali a haye. Ranar kuwa akwai jama'a a wurin, 'yan kasuwa masu komawa gida da mata masu ɗibar ruwa a rijiyoyin rairayi. Kalilu ya ga taro, ya ga sawun ya yi lanƙwasa mai nisa, ya ga kuma ga hanya miƙaƙƙiya ta tsakiyar rairayi wadda ba wanda ya bi.

"Baban Nura, bi sawu," in ji Larai.

"Sawu na marasa hihhike na."

Ya taka totur. Motar ta yi kukan kura ta faɗa rairayin, ta yi 'yar tafiya, sannan ta fara tunani. Tayoyin gaba, waɗanda su ke jan ta, suka riƙa juyawa suna watsa ƙasa ba tare da sun kama komai ba. Kalilu ya ƙara wuta. Suka haƙa wa kansu rami suka zauna a ciki. Motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.

Sauran motocin suka bi sawu suka haye, suka tsaya a ɗaya gefen. Maza suka sauko, Faruk a gaba yana tattare babbar riga.

"Yaya Kalilu, tada ta mana, mu kama maka ta hita."

Kalilu ya kama makulli. Ya yi bisimilla a zuci, ya roƙi Allah abin da ya san bai yi aikinsa ba, ya murɗa. Motar ta ce ƙit. Ya sake murɗawa, ko ƙit ɗin ma ba ta ƙara ba.

Gwaggo ba ta dubi Kalilu ba. Sai ta dubi Larai, ta saman kan amarya. Larai ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta. A madubi Kalilu ya ga wannan, kuma ya fi murfin but ɗin nan zafi.

Maza suka zagaya baya za su tura. Ko a wannan hali sai da bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kada a taɓa hihhike."

"Turmi na bisa, da katihwa," in ji Faruk. "Hannu na kawai ba a so?"

Aka kama ta ƙofofi, aka kama ta tagogi, aka yi ta nishi. Motar ta ƙara nutsewa har bambar gaba ta kwanta a ƙasa. Faruk ya share gumi ya leƙa ta taga ya ce wa Gwaggo a fito da amarya ta taka zuwa motarsa, ga ta can a kan tudu.

"Ba a yi ba," in ji Gwaggo. "Amarya in tab bar ɗakin uwatta, ƙahwatta ba ta taɓa ƙasar hanya sai ƙohwar mijinta. Haka anka kai ni, haka anka kai uwassu. Kawo motarka nan gehe."

"Gwaggo, in nis shigo nan ni ma zama za ni yi."

Ana cikin haka sai ga wani dattijo da amalanken shanu ya zo ɗibar yashi. Ɗanmusa sunansa, mutumin Turba, ba mai yawan magana ba. Aka roƙe shi, ya sauko da igiya ya zagaya motar yana neman wurin ɗaurawa. Gaba ya nutse. Ya dawo baya ya tsaya yana kallon ƙafafun fiffiken.

Kowa ya zuba wa Kalilu ido. Shi kuwa sai ya ga wata ƙofa ta buɗe masa. Ya fito ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda har masu ɗibar ruwa za su ji.

"Ɗaure nan, Baba. Don irin wagga rana nis sa anka yi shi da ƙarhe. Da na roba na, yau ina za a kama?"

Aka ɗaure. Kalilu ya koma mazauninsa. Ɗanmusa ya yi wa bijimansa magana, suka sunkuyar da kai suka ja. Motar ta yi ƙara, ta motsa, ta fito daga ramin, ta fara tafiya sumul. Jama'a suka yi sowa. Sai dai da baya take tafiya, wato ta nufi Sabon Birni.

"Ku tsaya," in ji Gwaggo. Ba a ji ta ba. Ta buga kujerar direba. "Na ce ku tsaya! Amarya ta koma gida da baya-baya tun ba ta ga ɗakinta ba? Wane irin baki kuka son ja mata?"

Kalilu ya ji ta sarai. Amma ya ji wani abu kuma, motar tana gangarawa da baya, daidai yadda ta saba tashi a 'yan kwanakin nan. In ya sa ribas ya saki kuloci, za ta kama, inji ya tashi, ya juya ya bi sawu ya shiga Isa da amaryarsa, a manta da komai.

"Kaɗan ya rage, Gwaggo."

Ya sa giya, ya saki kuloci. Tayoyin suka cije a cikin rairayi, motar ta tsaya wuri ɗaya. Bijiman kuwa ba wanda ya gaya musu. Aka ji wata ƙara kamar an yar da tulin kwanoni, murfin but ɗin nan mai ramuka ya rabu da motar. Shanu suka ci gaba da tafiyarsu a natse, suna jan fiffike da murfi da katifa da turmi a kan yashi, su Kalilu na zaune a inda suke.

Da farko ba wanda ya yi motsi. Sannan wata mai ɗibar ruwa ta ajiye guganta ta riƙe ciki, daga nan rafin ya ɗauka gaba ɗaya.

A cikin mota kafaɗun amarya suka fara rawa a ƙarƙashin lulluɓi. Gwaggo ta rungumo ta. "Yi haƙuri ɗiyata, bar kuka, kowa da irin tashi jarrabawa." Larai da ke ɗaya gefen ta leƙa ƙarƙashin mayafin, ta ga ba kuka ba ne. Ta mintsine ta, abin ya ƙara ƙaruwa.

Daga nan Gwaggo ta karɓi mulki. Ta sa Ɗanmusa ya juyo da amalanken ya tsayar da shi dab da ƙofar mota. Cikinsa duk yashi ne da ɓurɓushin taki, ba wurin da amarya za ta zauna da kayan ado. Aka kwance fiffiken daga murfin aka gwada gicciya shi a kan amalanken, sai ya zauna daram a kan gefunan biyu kamar an auna. Abin da ya fi mota faɗi ya yi wa amalanke daidai. Aka shimfiɗa zane a kai, aka jingina katifa ta baya. Nuriyya ta ɗaga ƙafa daga mota ta sauke a kan amalanke, ba ta taɓa ƙasa ba. Gwaggo da Larai suka hau suka sa ta a tsakiya.

Haka aka shiga Isa. Shanu a gaba, amarya a kan fiffike ruwan ɗorawa, motoci a jere a baya suna bin takun bijimai suna oda. Kalilu ya bar motarsa a rafi, ya biyo su a ƙasa, sabuwar shaddarsa ta sha ƙura har gwiwa. Abin da ya ce zai faru kuwa ya faru, masu gyangyaɗi a bakin shaguna sun tashi tsaye. Yana tafe yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa a dubi ƙarfen nan, shanu biyu sun ja shi ko lanƙwasa bai yi ba. Bakinsa ke faɗa, amma zuciyarsa ba daɗi. Sau ɗaya ya ɗaga kai ya dubi Larai, ita kuwa tana kallon kunnen bijimi.

A ƙofar gidan ango aka tarbe su da guɗa, aka sauke amarya a kan tabarma aka shige da ita. Maza suka zazzauna a waje. Can sai ga wata dattijuwa daga dangin ango ta fito da kwano a rufe, ƙamshi na tashi. A gidan nan al'adarsu ce, wanda ya kawo amarya shi ake fara ba soyayyar kaza sukutum, kafin kowa ya ci komai.

"Ina direban amarya?" in ji ta.

Kalilu ya miƙe yana karkaɗe riga. "Ga ni, Inna."

Dattijuwar ta dube shi sama da ƙasa. "Kai? Ni dai shanu nig gani."

"Ni niɗ ɗauko ta tun daga Sabon Birni."

"Ɗaukowa daban, kawowa daban. Ina motar taka?"

"Tana hutawa. Amma Inna, ku tambayi kowa, bisa mi amarya taz zamna har ƙohwag ga?"

Gwaggo Basira ta leƙo daga zaure. "A ba mai shanu," in ji ta, ta koma ciki.

Aka ajiye kwanon a gaban Ɗanmusa. Kalilu ya tsaya a tsaye, ba ya iya zama, ba ya iya tafiya, ga Larai a bakin zaure tana gani. Dattijon ya wanke hannu, ya buɗe kwano, ya daɗe yana kallon kazar. Mutum ne mai son gaskiya, bai iya cin haƙƙin wani. Ya kama kazar ta gefe, ya ɓalle fiffike ɗaya, ya miƙa wa Kalilu.

"Ungo, ɗana. Kowa da abin da yak kawo."

Dariyar da aka yi har cikin gida aka ji ta. Larai ta yi ƙoƙari, ta cije leɓe, ta toshe baki da mayafi, daga baya ta jingina da bango ta bar abin ya fito har da hawaye. Da Kalilu ya ga ta yi dariya, sai ya ji wani nauyi ya sauka daga kansa. Ya karɓi fiffiken, ya juya shi a hannu, ya nemi wuri kusa da Faruk ya zauna, ya ɗaga shi daidai hancinsa.

"Ka gani? Kai da motarka mai sanyi, ko wanga ba ka samu ba."